Waiwaye: Detour, fim ɗin mai gudun hukuma da rashin kuɗi ya tsara

A shekarun 1930 da 1940, gidajen sinima a Amurka kan haska fim biyu da tikiti ɗaya, babba da ƙarami. Babban fim yakan samu kaso daga kuɗin ƙofa, shi kuwa ƙaramin galibi hayarsa ake biya a kan ƙayyadadden farashi, ko an cika ɗaki ko ba a cika ba. Saboda haka ribar ƙananan kamfanonin shirya fim irin su Producers Releasing Corporation (PRC) ta dogara ne ga rage kashe kuɗi. A wannan kasuwa kamfanin PRC ya yi Detour a 1945, fim mai tsawon minti 68, wanda Edgar G. Ulmer ya ba da umarni.

An ɗauko labarin daga littafin Martin Goldsmith na 1939. Tom Neal ya fito a matsayin Al Roberts, makaɗin fiyano da ya bar New York yana roƙon motoci su rage masa hanya zuwa Los Angeles wajen budurwarsa. Mutumin da ya ɗauke shi ya mutu a hanya. Don tsoron kada a ce shi ya kashe shi, Al ya ɓoye gawar, ya ɗauki motar, kuɗin da takardun mamacin. Daga nan ya zama mai gudun hukuma, har ya faɗa hannun Vera, wadda Ann Savage ta fito a matsayinta, mace mai kaifin baki da ta gane asirinsa.

Ulmer ya ce cikin kwana 6 aka ɗauki fim ɗin. Takardun kamfanin sun nuna an fi haka, amma alamun tsimi a bayyane suke. Babu kuɗin gina titin New York, sai aka cika wurin ɗauka da hazo, aka bar fitilun titi kaɗai suna nuna hanya. Tafiyar mota kuwa a ɗaki aka yi ta, motar na tsaye ana haska hoton hanya a allo ta bayanta. Akwai kuma wuraren da aka juya hoton fim ɗin, dama ta koma hagu, domin tafiyar ta fuskanci yamma, abin da ya sa motoci suka bayyana suna bin hannun da ba nasu ba. Muryar Al da ke ba da labari ta rufe gurbin fitowar da ba a iya ɗauka ba, kuma ita ce ƙarfin fim ɗin, domin mai kallo ba shi da shaida sai bakin wanda ake zargi.

Dokar tace finafinai ta Hollywood a lokacin ba ta yarda mai laifi ya sha ba, shi ya sa a ƙarshe motar 'yan sanda ta tsaya ta ɗauki Al.

Ba a sabunta haƙƙin mallakar fim ɗin ba, sai ya zama na kowa. Hakan ya yaɗa shi a talabijin da kaset, amma a kwafi masu dishi-dishi da ƙarce, kowanne an kwafo shi daga wani. A 1992 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin finafinan da ake adanawa. A 2018 aka kammala gyara shi, inda aka dogara da wani kwafi mai kyau da aka samu a Beljiyam, wanda sai da aka goge rubutun fassarar da ke jikin hotonsa da kwamfuta.