Waiwaye: Daga jirgin gyaɗa zuwa POS, me ya taɓa ɗaga ƙaramar sana'a a karkarar Kano da Jigawa?

Duk gwamnatin da ta tashi taimakon masu ƙananan sana'o'i, da rance take farawa. Amma in aka bi tarihin kasuwanci a ƙauyukan Kano da Jigawa, lokutan da mai ƙaramin jari ya sarara ba su cika zuwa ta ƙofar banki ba. Sun zo ne sa'ad da hanyar kai kaya gaban mai saye ta yi sauƙi, ko aka samu ruwan rani, ko mai kaya ya san farashi kafin ya ce ya sallama.

Tun kafin zuwan Turawa, ƙauyen Kano ba a noma kaɗai ya tsaya ba. Kura ta yi suna da rini, rawanin ɗan Kura har ƙasar Buzaye ake kai shi. Masaƙa da majema da maƙera na aiki da rani, fatake su kwashi kayan zuwa Kurmi, kasuwar da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wasu su nausa Gwanja sayo goro. Babu banki, babu takarda. Maigida ya ba yaronsa kaya bashi, fatoma ya sauki baƙo ya tsaya masa, dillali ya haɗa ciniki ya ɗauki la'ada. Wanda ya ci amana, labarinsa kan riga shi isa kasuwa ta gaba. Har yau a kan wannan tsari akasarin cinikin ƙauye yake tafiya.

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai za a riƙa lodawa, manoma kuwa suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, wadda ko ba ta sayu ba za a ci ta a gida. Daga 1912 ciniki ya buɗe, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka baza yaransu ƙauyuka da kuɗin saye, aka tara dalar gyaɗa. Ba wanda ya koya wa manomin nan kasuwanci. Hanya ya gani ya bi. Sai dai da aka kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949, farashi ya koma hannun hukuma, ana biyan manomi ƙasa da abin da kasuwar duniya ke bayarwa. A cikin gidaje kuwa mata suka riƙe nasu ɓangaren, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, sana'ar da ta fi hukumar tsawon rai.

Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka rushe dalar. A daidai lokacin ne aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. A ganina babu wani shiri na gwamnati da ya haifi ƙananan sana'o'i a karkarar Kano kamar wannan ruwa. Da ya ratsa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ba manomi kaɗai ya ci ba. Mata suka kama turara shinkafa, masu injin casa suka kafa rumfuna, aka samu masu saƙa kwando, masu lodi, masu gyaran injin ban ruwa, masu abinci a bakin titi. Kwanar Gafan ta zama inda manyan motoci ke lodin tumatir zuwa Kudu. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i a takardar aikin ba, ruwan suka biyo.

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, aka soke hukumomin sayen amfanin gona, darajar naira ta faɗi. Manomi ya samu 'yancin sayarwa inda ya ga dama, kasuwar hatsi ta Dawanau ta bunƙasa, amma taki da kayan gyaran inji suka yi tsada. Daga nan aka shiga jerin shirye-shiryen rance: People's Bank a 1989, bankunan al'umma a 1990, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta SMEDAN a 2003, tsarin ƙananan bankuna na Babban Bankin Najeriya a 2005, sai shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a 2015. Wasu sun amfana, ba a musu. Amma mutumin ƙauye na gudun kuɗin ruwa saboda addini, gonarsa ta gado ba ta da takardar da banki zai karɓa jingina, kuɗin sau da yawa sai damina ta yi nisa yake isowa, wasu kuma sun ɗauke shi rabon gwamnati ne, ba bashi ba. Shi ya sa adashi bai mutu ba. Uwar adashi ta san gidan kowa.

Wayar salula, da ta shigo a 2001, ta fi yawancin waɗannan tasiri. Mai buhun riɗi a Taura ko Gagarawa zai kira Dawanau ya ji farashi kafin ya yi wa ɗan sari magana. Mai dabbobi zai san yadda kasuwar Maigatari da ke bakin iyakar Nijar ta ci ranar Alhamis kafin ya nufi Wudil ranar Juma'a.

Shekarun baya-bayan nan kuwa sun nuna yadda hukunci ɗaya daga Abuja ke juya kasuwar ƙauye. Rufe iyaka a Agustan 2019 ya yi wa masu casar shinkafa rana, ya yi wa 'yan Maigatari dare. Sauyin takardun naira ya sa a farkon 2023 an karyar da hatsi da dabbobi don kawai a ga tsabar kuɗi, daga nan ne ma masu shaguna da yawa suka rungumi tiransifa da POS ba don suna so ba. Cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin mota da na ban ruwa, sai ga juyin mulkin Nijar a Yuli ya sake rufe iyaka na watanni. Mai injin niƙa a ƙauyen da ba wutar lantarki, kafin ya ga riba sai ya fara biyan mai sayar da mai.

Akwai matsalar da ta ratso duk waɗannan zamunna ba ta gushe ba, wato ajiya. Da kaka kowa ke fito da kaya lokaci guda, ga bashin taki, ga aure, ga rashin lafiya, dole a sayar da araha. Wanda ke da sito da kuɗin jira shi ke kwasar ribar da bazara. Mai tumatir ma ba shi da wannan zaɓin, ko ya sayar yau ko ya yanka ya shanya kauɗa a ƙasa. Riɗi da zoɓorodon Jigawa na fita ƙasashen waje, amma akasarin tankaɗe da gyara da zuba wa buhu a Kano ake yi, can kuma kuɗin aikin ke tsayawa.