Mitojin: sinadarin jan wake da ke tayar da ƙwayoyin garkuwar jiki

Mitojin suna ne na duk sinadarin da ke tunzura ƙwayar halitta ta fara rarrabuwa. Wanda aka fi sani a ɗakunan gwaje-gwaje shi ne PHA, furotin da ake cirowa daga jan wake. Da can ana amfani da shi ne kawai don dunƙule jajayen ƙwayoyin jini a ware farare. A 1960 Peter Nowell na Jami'ar Pensilbaniya a Amurka ya lura cewa fararen ma ba sa zama lafiya idan sun haɗu da shi, sai su kama rabuwa.

PHA na manne wa sukarin da ke lulluɓe da bayan ƙwayar T, wato wani nau'in farar ƙwayar jini mai yaƙar cuta, ya jawo masu karɓar saƙonta wuri guda. Ita ƙwayar sai ta ɗauka maƙiyi ne ya shigo. Kalsiyam ya kwarara cikinta, cikin sa'o'i ta fara fesar da saƙonnin kumburi da ake kira saitokin: IL-2, TNF da intaferon gama. Rarrabuwar kuwa sai bayan kwana biyu zuwa uku. Cuta takan tayar da 'yan ƙwayoyin da suka san ta ne kaɗai, shi kuwa PHA kan mai uwa da wabi yake yi.

Wannan rashin zaɓin shi ne amfaninsa. A gwajin jini na tarin fuka, QuantiFERON, akwai kwalba guda mai ɗauke da PHA don a tabbatar ƙwayoyin jinin na iya amsawa, ban da kwalaben da ke ɗauke da furotin na ƙwayar tarin fuka da wata da ba kome a cikinta. Ana zuba jini mililita 1, a girgiza sau 10, a saka a na'urar ɗumi a maki 37 na ma'aunin Celsius kafin awa 16 ta cika da ɗibar jinin, ya zauna awa 16 zuwa 24. Idan intaferon ɗin kwalbar PHA bai ɗara na kwalbar da ba kome a cikinta da 0.5 a ma'aunin gwajin ba, kwalaben tarin fukan ma shiru, ba a cewa mutum ba shi da cutar. Sakamakon bai tsayu ba ke nan. Yawanci ko jinin ya daɗe a hanya, ko an cika kwalbar fiye da kima, ko ba a girgiza ba, ko kuma garkuwar mai jinin ta yi rauni.

Masu binciken ganyaye su yi hattara. Sau da yawa ruwan ganye kan tayar da saitokin a farantin gwaji alhali dattin bakteriya mai suna LPS ne ya yi aikin, shi ya sa ake sake gwajin da polimiksin B, maganin bakteriya da ke ɗaure LPS. Ko da ganyen ne ma, tayar da kumburi daban, ƙara lafiya daban. PHA kansa guba ne a ciki: ɗanyen jan wake huɗu ko biyar ya isa ya jawo amai da gudawa. A jiƙa shi aƙalla awa 5, a zubar da ruwan, a tafasa shi sosai minti 30. Dafuwar wuta kaɗan-kaɗan ba ta kashe PHA.