Yanar Ido a Ciki Take, Ba a Waje Ba

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, da zarar ganin tsoho ya dushe sai a ce yana ta rufe masa ido, a shiga neman abin ɗigawa da zai cinye ta, ko mai kankare ta. Ba haka abin yake ba, kuma wannan rashin fahimtar ya raba mutane da yawa da idonsu.

Ido ba ya fitar da haske, karɓa yake yi. Wani malamin Musulmi ɗan Basra, Ibnul Haisam, wanda ya rayu a Alƙahira, ya tabbatar da haka shekara 1000 da suka wuce. Haske yana tashi daga jikin abu, ya ratsa tantani garai-garai da ke gaban baƙin ido, ya shige ta ɗan ramin tsakiya. Ku haska wa yaro tocila da dare ku duba, za ku ga ramin ya tsuke nan take, in an kawar da ita ya buɗe. A bayan ramin nan Allah Ya ajiye wani ɗan gilashi mai taushi, faɗinsa kusan santimita 1. Shi ke daidaita hasken ya sauka a kan shimfiɗar da ke can ƙarshen ido, inda hoton ke faɗawa kai a ƙasa. Jijiyar gani ta kwashi saƙon zuwa ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, a can ake fassara shi har ka gane ɗanka daga nesa.

Wannan ɗan gilashin nake so mu riƙe. Yana kumbura in za a duba abu na kusa, ya baje in za a hangi nesa. Daga shekara 40 yakan fara tauri, shi ya sa inna ke miƙa wa jika allura ya zura mata zare, malam kuma yake nisanta Alƙur'ani da fuskarsa. Wannan tabarau ɗin karatu kawai yake buƙata.

Idan tsufa ya ƙara nisa, ko akwai ciwon suga, ko an taɓa buguwa a ido, gilashin kansa ne ke yin fari, kamar yadda farin ƙwai ke yi in ya ji wuta. Ita ce yanar. Mutum ya riƙa ganin hazo ba lokacin hunturu ba, fitilar babur ta kashe masa ido. Babu ruwan magani, babu tozali, babu saiwar da ke mayar da shi garai.

Abin da ya fi damuna shi ne masu yawo kasuwa-kasuwa suna soka tsinke a ido. Abin da suke yi, tura gilashin suke ya faɗa cikin ido. Haske zai shiga, har tsoho ya yi murna a ranar, amma babu sauran mai daidaita hoton. Bayan haka kumburi da ciwo kan biyo, sau da yawa idon ya mutu gaba ɗaya. A asibiti kuwa ana cire wanda ya lalace a sa na roba a gurbinsa, aikin da galibi bai kai awa ɗaya ba, kuma allurar kashe zafi ake yi a wurin, mutum yana farke. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce ke da kashi 43 cikin 100 na makanta a tsakanin 'yan shekara 40 zuwa sama.

Sai dai ba kowane dushewar gani ne yana ba. Hawan jinin ido jijiyar gani yake ci, daga gefe-gefe, yawanci ba ciwo, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Don haka kada a zauna jiran yana ta nuna. Ku kai baba ko inna asibitin da ke kusa a auna, in aiki ne a tura ku Asibitin Ido na ECWA, ko na Makkah, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, duk a birnin Kano. Mai ciwon suga ya faɗa wa likita tun kafin a sa ranar aiki.