Waiwaye: Yadda gonakin tudu suka juyo wa titunan Maraɗi ruwa

Duk damina magana ɗaya ce a bakin 'yan Maraɗi, a rediyo, a wurin mai shayi, a Facebook: hanyoyi sun lalace. Wani ya ce godiron ne ba shi da kauri, wani ya ce manyan motocin da ke shigowa daga iyakar Najeriya ta Ɗan Isa ne ke farfasa shi, wani ya ɗora wa sharar da ta toshe kanibo. Tun bayan ruwan ƙarshen watan Agustan 2024, wanda ya rusa gidaje ya ci rayuka a cikin gari, muhawarar ta ƙara zafi. Kowa da gaskiyarsa. Abin da ke damuna shi ne ana maganar kamar jiya abin ya faro, alhali ruwan nan ya yi shekaru yana tahowa.

Farkon labarin kowa ya san shi. Katsinawan da suka baro gida bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, a fadamar Gulbi suka kafa gari. A 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya ci tsohon garin, aka hau da jama'a tudu, aka yanka unguwanni da layuka masu faɗi, miƙaƙƙu sambal. Sai zamanin gyaɗa, alhazai suka sayi motocin kaya, hanyar Katsina da Kano ta zama jijiyar gari, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 kuma ta haɗa mu da Yamai da Damagaram.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne shekarun da suka biyo farin 1973 da 1974. Gyaɗa ta faɗi, mutanen karkara suka kwararo birni, farin 1984 ya ƙaro wasu, kasuwancin iyaka kuma yana ta jawo masu neman na kansu. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen 44,000 a Maraɗi. A 1988 sun haura 100,000, a 2012 sun kai 267,000. Kowane magidanci a cikinsu yana son inda zai sa kansa. Ta yamma Gulbi ya tare hanya, don haka gari ya miƙe kan tudu, kan gonaki.

Ni a bakin gari na tashi, gidanmu na cikin na ƙarshe-ƙarshe. Bayan katangarmu gonar kawuna ce, gero da wake, da wani babban gawo a tsakiya inda ake ɗaure jaki. Jigawa ce tsantsa. Ko kwana aka yi ana ruwa, da hantsi za ka ratsa ta ƙafarka ba ta taɓa caɓi ba, yashi ya shanye komai. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin wani aiki da gonar ke yi wa gari ba. A wurinmu gona ce kawai.

Wani rani muka ga an kakkafa duwatsun siminti a jere, gona ta zama filaye. Kawu ya sayar da rabonsa, ya aurar da 'ya'yansa mata biyu, ya sauke farali. Wa zai ga laifinsa? Wanda ya saya shi ma ya gaji da haya. Ya ja katangar bulo, ya rufa kwano, ya dage ya shafe tsakar gida da siminti don kada yara su yi ta kwasar ƙasa, sannan ya huda katanga ya sa bututu, ruwan gidansa ya fita layi. Maƙwabcinsa ya yi haka, na gaba ma haka. Mu ma da muka samu hali haka muka yi.

A lissafa a gani. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50, lita 5,000 zai zubar, wato tano 25 masu cin lita 200, cikin awa ɗaya ko biyu. Gida ɗaya ke nan. A da ƙasa ce ke shan wannan ruwa a inda ya sauka. Yanzu gidaje ɗaruruwa ne ke tura shi waje lokaci guda, cikin layin da a takarda hanya ce, a ƙasa kuwa yashin gonar nan ne dai, ba burji, ba magudana.

Daga nan ruwa ya san hanyarsa. Layi miƙaƙƙe ba shi da kwanar da za ta rage masa gudu, sai ya gangara yamma, wajen tsofaffin unguwanni da Gulbi. A sama yana yanka ƙasa, layi ya zama kwazazzabo. A ƙasa yana juye yashin da ya kwaso a kan godiro da cikin kanibo. Shi ya sa matasan unguwa za su wuni suna yashe magudana, ruwa ɗaya ya sake cika ta. Godiron ma daga gefe yake fara mutuwa: ruwa ya ci kafaɗarsa, ya shiga ƙarƙashi ya jiƙa shimfiɗar, sai mota mai nauyi ta zo ta ƙarasa. Ramin da ɗan kabu-kabu ke kauce wa a tsakiyar gari, sau da yawa mafarinsa na can sama, nesa da inda ake nuna shi da yatsa.

Bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2015, wanda aka yi wa laƙabi da Maraɗi Kwalliya, ya kawo tituna da fitilu, kuma mun ji daɗinsu. Sai dai ruwan da ke sauko musu daga layukan yashi bai ragu ba, ƙaruwa ma yake yi, domin gari bai daina hawa gonaki ba.

Bara bayan sallar layya na raka kawu duba wani aminin sa a unguwar da ta maye gurbin gonarsa. Ƙofar gidan ta ɗage daga layi har gwiwar mutum, an jera buhunan yashi da tsofaffin tayoyi a matsayin matakala. Sai da na riƙe hannunsa ya hau. Ya tsaya yana numfashi, ya dubi layin sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, ina jin gawon nan a daidai nan yake. Ruwa bai taɓa gudu a wurin nan ba."

Na ce, "Haka ne, kawu."

Da muka fito na bi da shi ta bakin gari na yanzu, wanda ya yi gaba da namu na da nesa. Gero ya kai ƙugu, ya yi kore shar, a tsakanin kunyoyin gona kuma ga duwatsun siminti a jere, sababbi, an rubuta musu lamba da jan fenti.