Komawa Jami'a Bayan Dogon Lokaci: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Duk farkon zangon karatu, magidanta da ma'aikatan da suka dawo jami'a bayan shekaru suna zuwa mini da tambayoyi kusan iri ɗaya. Na tattara su a nan domin wanda zai zo gobe ya fara karantawa kafin ya tambaya.

Malam, anya shekaruna ba su wuce na komawa aji ba?

Ba su wuce ba. Jami'ar Open University ta Ingila, wadda aka kafa a 1969, an gina ta ne domin irinka, kuma mafi yawan kwasa-kwasanta na digirin farko ba sa neman wata takardar shaida kafin a shiga. Abin da ya kamata ka lissafa shi ne sa'o'in da za ka iya warewa karatu a kowane mako, ka kuma faɗa wa iyalinka da wurin aikinka tun da wuri.

Na daɗe rabona da littafi, ga saurin mantuwa. Yaya zan yi?

Kowa yana mantuwa, har ɗan shekara 19 da ke zaune kusa da kai. Tun a 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan abin da aka haddace yana zubewa ne a sa'o'i da kwanakin farko idan ba a waiwaye shi ba. Ka karanta, ka rufe littafin, ka rubuta abin da ka fahimta da kalmominka, sannan ka sake bitarsa gobe da kuma bayan mako guda.

Dole ne in fara ajiye manazarta tun yanzu, alhali ban fara rubuta kundi ba?

Dole ne, kuma wannan ce shawarar da aka fi yin biris da ita. Mutum zai kwafi jimla mai kyau a takardarsa ba tare da sunan marubuci ko lambar shafi ba, bayan wata shida ya gan ta da rubutun hannunsa, ya ɗauka tasa ce, ya zuba ta a babi na biyu. Ranar da aka gano, sunanta satar fasaha, kuma kwamitin ladabtarwa ba zai karɓi uzurin mantuwa ba. Duk abin da ka karanta, ka rubuta sunan marubuci da shekara da take da shafi nan take. Maganar da ka ɗauko kalma da kalma ka sa ta cikin alamar zance, ra'ayinka kuma ka rubuta shi da biro mai wani launi daban. Manhajar Zotero kyauta ce, tana nan tun 2006, kuma za ta jera maka manazarta da kanta. Koyonta ba ya wuce zama ɗaya, don haka babu dalilin jinkiri.

A ina zan samo maƙalu?

Ka fara da ma'aikacin laburaren jami'arku, domin shi ya san rumbunan da aka biya muku kuɗinsu, kamar JSTOR. Sai Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, sai DOAJ, wanda aka buɗe a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003 domin jera mujallun da ake karantawa kyauta. Jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da yawa suna iya shiga Research4Life, shirin da ke ba su damar karanta mujallun ilimi, kyauta ko a farashi mai rahusa. Ka tambaya ko taku ta yi rajista.

Ta yaya zan gane cewa maƙalar da na samu abin dogaro ce?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma babu ma'auni guda da zai raba maka gardama. Abu na farko da ake dubawa shi ne ko mujallar tana bai wa masana a fannin su tantance maƙala kafin a buga. Sai dai kowace mujalla tana iya rubuta hakan a shafinta ko da ba ta yi. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika wata maƙalar bogi mai cike da kurakurai bayyanannu zuwa mujallu 304, kuma 157 daga cikinsu suka amince su buga ta. Irin waɗannan mujallu kuɗin marubuci kawai suke nema, kuma sau da yawa suna da kamanni: saƙo ne zai shigo maka yana kiranka farfesa alhali kana shekarar farko, ana yi maka alkawarin bugawa cikin mako guda, mujallar kuma ta haɗa likitanci da injiniyanci da tarihi a fitowa ɗaya. Idan ka ga haka, ka yi nesa da ita.

Amma kada ka ɗauka cewa duk mujallar da ke karɓar kuɗin bugawa ta bogi ce, domin akwai nagartattu da yawa da ke yin haka don mai karatu ya samu kyauta. Haka kuma rashin ganin mujalla a manyan rumbuna ba lallai ya zama aibi ba, musamman idan wani sashen jami'a ne ke fitar da ita a kan harshe ko tarihin da manyan mawallafa ba su damu da shi ba. A wasu fannoni ma, a irin waɗannan ƙananan mujallu ne ake samun aikin da ya fi kusa da tambayarka. A nan sai ka duba su waye editocin, ko sanannu ne a fannin, ka kuma tambayi malamin da ke duba aikinka.

Babban suna shi ma ba ya wanke maƙala. Mujallar Lancet ta buga aikin Andrew Wakefield a 1998, wanda ya danganta wata allurar rigakafi da matsalar ci gaban ƙwaƙwalwar yara, ba ta janye shi gaba ɗaya ba sai a 2010. Saboda haka yana da kyau ka duba ko an janye maƙala kafin ka gina hujja a kanta. Shafin Retraction Watch yana bibiyar wannan, Zotero ma yakan yi gargaɗi. Yawan ambaton maƙala a Google Scholar alama ce mai amfani, amma da sharaɗi, domin wani lokaci ana ambaton aiki ne don a ƙaryata shi, sabon aiki mai kyau kuma bai samu lokacin tara masu ambato ba.

A ganina, hanyar da ta fi tsira ita ce ka daina tsayawa a tsakure. Ka wuce zuwa sashen hanyoyin gudanar da bincike, ka tambayi kanka: mutum nawa aka tambaya, ta yaya aka zaɓo su, kuma shin sakamakon ya kai nauyin iƙirarin da aka yi a kammalawa? Wanda ya tattauna da mutum 12 yana iya faɗin abu mai zurfi a kan waɗannan mutane, amma ba zai yanke hukunci a kan ƙasa baki ɗaya ba. Da farko za ka yi jinkiri, wani lokaci ka yi kuskuren hukunci, amma idon yana buɗewa ne da yawan karatu a fanni ɗaya. A nan ma kana da fifiko a kan matasa, domin wanda ya yi shekaru yana aiki yakan gane da wuri idan lissafin takarda ya saɓa wa abin da ke faruwa a zahiri.

Wane salo zan bi wajen rubuta madogara?

Wanda sashenku ya ƙayyade. Idan salon APA ne, na ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, bugu na 7 ya fito a 2019, ka tabbatar ba tsohon kake bi ba. Kada ka gauraya salo biyu.

Zan iya amfani da ƙirƙirarriyar basira, kamar ChatGPT?

Ka fara karanta dokar jami'arku a kan haka. Ko an halatta, kada ka taɓa sa madogarar da ba ka buɗe da idonka ba, domin waɗannan manhajoji suna iya ƙago sunan marubuci da taken maƙalar da babu ita. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙago. Abin yana ɓata mini rai idan na ga magidanci mai mutunci ya jefa sunansa cikin wannan hali don gudun aikin sa'a biyu.

An ce maudu'ina ya yi faɗi. Mene ne laifinsa?

"Matsalolin ilimi" ba maudu'i ba ne, fanni ne. Ka mayar da shi tambaya guda mai wuri da lokaci da mutane, misali dalilin da ya sa sababbin malamai ke barin aiki a shekarunsu uku na farko a makarantun gunduma ɗaya. Idan ba za ka iya faɗin inda za ka samo bayanan amsar ba, ka ƙara matse ta.

Malam, 'yan ajinmu sa'o'in 'ya'yana ne, ina jin nauyin tambayarsu abin da ya shafi kwamfuta.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki tambaye su. Yawancinsu suna jin daɗin a nemi taimakonsu, kuma za su dawo gare ki ranar da aka ba da aikin rukuni ana neman mai tsara shi. Ki roƙi wanda zai nuna miki ya bar ki ki danna da hannunki, ki rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya, sannan ki maimaita su ke kaɗai a ranar kafin ki kwanta.