Fanke

Fanke abin soye ne da ake yi da garin alkama, da yis, da sukari, da ruwan ɗumi, ana ƙulla shi ƙanana a dunƙule, a soya cikin mai mai yawa har ya yi ja. A Damagaram da wasu garuruwan Nijar ana kuma ce masa fari masa. Mata ne suka fi yin sana'arsa, suna ɗora kasko a ƙofar gida ko a bakin hanya da sassafe da kuma bayan la'asar, a unguwannin Birni da Zango da kewayen kasuwar Dole a Damagaram, kuma a watan azumi yakan shiga cikin kayan buɗa baki tare da ƙosai da kunu.

Yana da dangi a ƙasashe da dama: puff-puff a kudancin Najeriya, bofrot a Gana, mikate a Kwango, sai oliebollen da mutanen Holan ke ci a daren sabuwar shekara. A Amurka da Kanada ana soya wani cincin mai siffar zobe, kuma ɗan guntun da ake cirewa daga tsakiyarsa shi ma ya zama abin sayarwa mai zaman kansa: kamfanin Dunkin' Donuts ya fito da nasa da sunan Munchkins a 1972, Tim Hortons kuma ya biyo da Timbits a 1976. Nasu yakan ɗauki ƙwai da madara da man shanu, a ƙarshe a barbaɗa masa sukari. Na ƙasar Hausa ƙullu ne mai laushi wanda ba ya murzuwa, da hannu ake ɗibarsa.

Ga rabin kilo na gari, ana zuba sukari kamar giram 100, busasshen yis giram 7, ɗan gishiri, da ruwan ɗumi kimanin mililita 400. Wasu na ƙara gyaɗar ƙamshi ko citta. Ana buga ƙullun da tafin hannu har ya daina gudaji ya fara yauƙi, sannan a rufe shi a bar shi ya tashi.

A wannan tashin ne ingancin fanke yake, ba a tsadar kayan haɗi ba. Yis abu ne mai rai, yana cin sukari yana fitar da iska, danƙon alkama kuma yana riƙe iskar, shi ya sa cikin fanke mai kyau yake da ramuka da taushi. Ruwan da ya kai digiri 60 yana kashe yis, don haka kada ɗuminsa ya wuce abin da yatsa zai jure ba tare da ƙuna ba. Yanayin Damagaram ma yana da tasa rawar: a bazara, cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙullu kan ninka kafin awa guda, kuma idan aka manta da shi sai ya yi tsami ya sha mai, da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, yakan yi jinkiri, sai an ajiye kwanon kusa da murhu ko cikin rana. Mai gwaninta ba agogo take dubawa ba, ƙullun take dubawa: in ya ninka, ya yi ƙwayoyin kumfa a sama, ya isa.

Wajen suya ana buƙatar kasko mai zurfi da man gyaɗa ko wani man girki wanda zai ishi fanken ya yi iyo, zafinsa tsakanin digiri 175 da 180. Wanda ba shi da ma'auni sai ya ɗiga ɗan ƙullu: idan ya nutse ya taso nan take yana tartsatsi, man ya yi. Ana jiƙa hannu da ruwa, a damƙi ƙullu, a matso shi tsakanin babban yatsa da manuni, a sake shi dab da man don gudun fantsama. Mai mai sanyi yana shiga cikin fanke ya sa shi nauyi, wanda ya yi zafi fiye da kima kuma yana ƙona baya ya bar ciki ɗanye. Cika kasko yana rage zafin mai, saboda haka kaɗan-kaɗan ake zubawa, ana juyawa da matsami na ƴan mintuna. Man da ya yi baƙi ko yake hayaƙi bai kamata a sake suya da shi ba.

Ana cin fanke da zafinsa, da koko ko shayi, wasu da sukari, wasu da yaji. Idan ya kwana yakan yi tauri.