Sabon Titi, Arziki da Rayuka: Me Lissafin Masana Ke Cewa?

Duk wanda ya taɓa zama a tashar Kawo da ke Kaduna yana jiran mota ta cika ya san muhawarar. Wani ya ce da an gama titin Abuja sai kasuwa ta buɗe, wani ya ce ai tun da aka shimfiɗa sabuwar kwalta a hanyar Zariya direbobi suka mayar da ita filin tsere. Kowannensu yana da gaskiyarsa. Masana tattalin arziki da na ƙididdiga sun shafe shekaru suna auna wannan magana, kuma ga abin da binciken nasu ke amsawa.

Da gaske titi da layin dogo suna kawo arziki, ko daɗin bakin 'yan siyasa ne?

Suna kawowa, kuma mutumin Kaduna bai kamata ya nemi shaida daga nesa ba. Layin dogo ya ratsa nan ya kai Kano a 1911, a 1917 Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita Kaduna. Masaƙun Kakuri da suka biyo baya sun zauna kusa da layin da ke kawo auduga yana kwashe yadi. Garin kansa ɗan jirgin ƙasa ne.

Binciken da aka fi ambata shi ne na Dave Donaldson, wanda ya fito a 2018. Ya tono tsofaffin takardun Indiya na zamanin mulkin Ingila, gunduma bayan gunduma, ya gano cewa isowar jirgi ta ɗaga kuɗin shigar noma da kimanin kashi 16 cikin 100. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tazarar farashi tsakanin inda ake noma abu da inda ake cinsa ta ragu, sai kowace gunduma ta mayar da hankali kan abin da ƙasarta ta fi karɓa, ta sayi sauran.

To, nawa ne ribar? Akwai adadi guda?

A nan gizo ke saƙa. A 1989 wani masani a Amurka, David Aschauer, ya fitar da lissafin da ya girgiza mutane: ƙarin kashi 10 cikin 100 na kayan more rayuwa na gwamnati yana ƙara abin da ƙasa ke samarwa da kusan kashi 4. In da haka ne, da gwamnati ba ta da wani aiki sai zuba kwalta. Sai abokan sana'arsa suka yi masa caa. Babbar tambayarsu ita ce ta kaza da ƙwai: titi ne ya kawo arzikin, ko arzikin ne ya sa aka samu kuɗin yin titi? Gwamnati ba ta jefa ƙuri'a kafin ta zaɓi inda za ta yi hanya. Tana kai ta inda kasuwa ta riga ta fara motsi, ko inda wani mai faɗa a ji ya fito. In ka ga Barnawa tana da tituna kuma tana da masu kuɗi, ba ka isa ka rantse wanne ya jawo wanne ba.

Da aka tattara ɗimbin binciken da suka biyo baya, aka tace, adadin ya sauko zuwa kimanin kashi 1 a maimakon 4, na sufuri shi kaɗai ma bai kai haka ba. Riba ce ta gaske, amma ba ta kai yadda ake kururutawa ranar yanke ƙyalle ba. Kuma titin farko da ya shiga inda babu hanya ko kaɗan ya fi na goma da aka ƙara a tsakiyar gari amfani nesa ba kusa ba.

Me ake nufi da cewa hanya tana ƙara yawan aiki?

Ana nufin mutum ɗaya, da mota ɗaya, da yini ɗaya, su samar da fiye da abin da suke samarwa a da. Direban da ke zuwa Kano ya dawo sau ɗaya ya koma yin sawu biyu. Kwandon tumatir daga Ikara ya isa kasuwa kafin rabinsa ya ruɓe. Mai shago ya daina tara kaya na wata guda don tsoron kada mota ta makara. Akwai kuma kuɗin gareji: taya, sufirin, shokozoba, duk abin da rami ke ci.

Donaldson da David Atkin sun taɓa auna yadda farashin kaya iri ɗaya ke hawa yayin da ake nisa da masana'anta. Sun samu cewa tsadar nisa a cikin Najeriya da Habasha ta ninka ta Amurka sau huɗu zuwa biyar. Sai dai kada a ɗora wa ramuka laifin duka. Wani rahoton Bankin Duniya na 2009 ya nuna cewa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuɗin dakon kaya yana da tsada ne musamman saboda yadda ƙungiyoyin masu manyan motoci ke raba lodi bisa layi, babu gasa. Ƙara da shingaye da "na goro" a kowace mararraba. Za a iya gyara titi tsaf, ribar ta maƙale a aljihun wasu, mai sayen masara a Kasuwar Bacci bai gani a ƙasa ba.

Hanyar karkara fa? Ba ita ce maganin talauci ba?

Na so in ce e kai tsaye, don duk wanda ya ga yadda ake fito da citta daga ƙauyukan Kaciya ko masara daga yankin Saminaka da damina zai so haka. Amma bincike mafi tsauri a kan wannan, na Sam Asher da Paul Novosad a 2020, ya duba gagarumin shirin hanyoyin karkara na Indiya, ya samu abin da ba a zata ba. Bayan 'yan shekaru, kuɗin shiga da amfanin gona ba su canja sosai ba. Abin da ya canja shi ne mutane sun samu damar barin gona su je aikin lada a waje. Hanya ƙofa ce, ana shiga ta cikinta ana kuma fita. In babu taki, da rumbun ajiya, da tsaro, matasa ne za su bi ta su tafi.

Jirgin Abuja zuwa Kaduna ya biya kuɗinsa?

Layin mai tsawon kilomita 186, daga Idu zuwa Rigasa, an buɗe shi a watan Yulin 2016, kuma bashin China na cikin kuɗin da aka gina shi. Masu auna irin wannan aiki ba kuɗin tikiti kaɗai suke dubawa ba. Suna lissafa lokacin da fasinja ya tsira da shi, da haɗarin da ya kauce wa, da motocin da suka ragu a titi.

Abin da ba wanda ya sa a lissafin farko shi ne garkuwa da mutane. Lokacin da hanyar mota ta zama abin tsoro a wajen Rijana da Katari, sai jirgi ya cika maƙil, manya da ƙanana suna rububin tikiti. Harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris, 2022 ya tsayar da shi har zuwa Disamba na shekarar. Darajar jirgin ta hau ta sauka ba tare da an ƙara ko rage ƙarfe ɗaya a layin ba. Wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da duk hasashen riba na shekara talatin da aka rubuta kamar an ga gobe.

Gadar sama tana kashe cunkoso?

Tana kwance ƙulli a wuri guda, kuma wanda ya san Kawo kafin a sake gina gadarta zai shaida. Amma Gilles Duranton da Matthew Turner sun nuna a 2011 cewa a biranen Amurka, duk yadda aka ƙara manyan tituna, tafiye-tafiyen mota suna ƙaruwa kusan daidai da haka. Hanya ta yi sauƙi, kowa sai ya fito da motarsa. Sauƙin yakan zama na 'yan shekaru.

In an gyara titi, haɗari zai ragu ke nan?

Wani iri zai ragu, wani ya ƙaru. Raba hanya biyu da shinge a tsakiya yana kawar da taho-mu-gama, wanda shi ne mafi muni. Shi ya sa lokacin da ake aiki a kan titin Abuja zuwa Kano, mai kilomita 375, aka mayar da motoci hannu ɗaya, wuraren suka zama abin fargaba. Amma rami, duk da muninsa, yana tilasta wa direba taka birki. Da kwalta ta yi sumul sai ƙafa ta nutse a totur.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana amfani da wata ƙa'ida da ta samo asali daga binciken Göran Nilsson na Suwidin: ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin da ake mutuwa da kimanin kashi 4. Ba a jere yake hawa ba, ninkawa yake yi. Daga gudun 80 zuwa 100, mutum yana ganin ɗan ƙari ne, alhali haɗarin mutuwa ya ninka fiye da sau biyu. Minti nawa aka rage tsakanin Kaduna da Zariya? Bai wuce rubu'in awa ba.

Sannan a tuna da waɗanda ba su cikin motar. Babban titi ya ratsa tsakiyar Marabar Jos, da Jaji, da Tafa. Makaranta na wannan hannu, gida na wancan. Mai tallan rake da yarinya mai ɗauke da tire ba su amfana da saurin ba, amma su ne a bakin kwalta. Injiniyan da ya zana titi don gudun 100 bai yi musu gada ko wurin tsallakawa ba, ya bar aikinsa rabi.

Mutum nawa ke mutuwa?

A duniya, kimanin miliyan 1.19 a shekara bisa rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a, duk da ƙarancin motocinta.

A Najeriya akwai lissafi biyu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana bayar da adadin da ke kewayen 5,000 a shekara. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya haura 30,000. Ba lallai wani ya yi ƙarya ba. Jami'an hanya suna rubuta abin da suka je suka gani. Ƙa'idar duniya kuwa tana ƙirga duk wanda ya cika cikin kwana 30 bayan haɗarin. Mu nan, ɗan acaba ya faɗi da safe a wani ƙauye, kafin la'asar an yi masa sutura, babu takardar asibiti. Wani kuma a kai shi wajen mai ɗori, rai ya yi halinsa bayan mako biyu, a ce jinya ya yi. Duk waɗannan ba su shiga littafi. Kuma abin da bai shiga littafi ba, ba ya shiga kasafin kuɗi.

Ba rashin imani ba ne a sa wa ran mutum farashi?

Kalmar tana da nauyi a kunne. Amma a tuna shari'a ta yanka diyya, raƙuma 100, ba kuwa don rai abin sayarwa ba ne, sai don kada jini ya tafi a banza. Haka masu lissafi suke yi. In ba a sa adadi ba, to a takardar kwangila rai ya zama sifiri, minti goma da aka rage wa mai jif ya fi shi nauyi. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi shi ne haɗurran hanya suna cin kimanin kashi 3 cikin 100 na arzikin da yawancin ƙasashe ke samarwa a shekara. Akasarin mamatan magidanta ne da matasa masu ƙarfi a jika, su ne masu ciyar da gida.

Ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Haka ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Suwidin ta ɗauki wani tsari a 1997 wanda ya ginu a kan cewa ɗan Adam dole ya yi kuskure, don haka a tsara titi yadda kuskuren ba zai zama ajali ba: shinge a tsakiya, shataletale a maimakon mararraba, rage gudu a cikin gari. Yau mace-macensu bai wuce mutum 2 zuwa 3 cikin 100,000 ba, Afirka tana wajen 19. Ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota da kusan rabi. Hular kwano kuwa, kowa ya san yadda dokarta ta ƙare a titunanmu.

Me ya sa sabon titi ke fashewa tun ba a gama biyan bashinsa ba?

Ruwa da lodi. In magudana ta toshe, ruwa ya kwanta ƙarƙashin kwalta, damina biyu ta isa. Lodi kuwa, gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa in nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkawa kusan sau 16. Tirela guda da aka yi wa lodin wuce kima tana cin kwalta fiye da dubban ƙananan motoci. Kayan da ya kamata jirgin ƙasa ya ɗauka daga Legas zuwa tashar tsandauri ta Kakuri, wadda aka buɗe a 2018, yawancinsu a bayan tirela suke tahowa. In ka bi ta Marabar Jos da dare ka ga jerin tireloli da tankoki sun kwana a gefen hanya, ka tambayi direba ɗaya yaushe rabon da a ɗora motarsa a kan sikeli.